Yadda Muka Naɗa Mijin Kansila Janar ɗin Rumawa

Shekarun baya, lokacin da gwamnatin ƙasar nan ta tsuke bakin aljihu har kowa ya ji a jikinsa, council, wato hukumar birni, ta rufe cibiyar matasa da nake aiki a Gorton, cikin Manchester. Aka tara mu, aka ba mu shayi da biskit, aka ce an gode da hidimarmu. Matata na ɗauke da cikin ɗanmu na biyu. Da ƙyar na samu aikin rabin wuni a wani sito a Cheetham Hill, ina sauke kwalayen jakunkuna da takalma, sauran wunin kuma ina gaban kwamfuta ina neman aiki har idona ya yi ja.

Ana nan sai abokina da muka yi aiki tare a cibiyar, haifaffen Manchester amma iyayensa 'yan Jamaica, ya kira ni ya ce ya samo mini abin yi. Na ce wane iri? Ya ce sojan Rum. Na ce ya maimaita, ya maimaita.

Ashe wata 'yar ƙungiya ce ta mutum goma sha wani abu. Suna sa kayan sojojin Rumawa na dā, suna zaga makarantun firamare suna nuna wa yara yadda ake fareti da yaƙi a wancan zamani. Makaranta ta ba da ɗan abin da ya samu, a raba. Shugabansu wani tsohon malamin tarihi ne mai ritaya. Ranar da na je ɗakin taron da suke atisaye, tambayar farko da na yi masa ita ce ko ya taɓa ganin sojan Rum baƙi irina. Tsohon ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Ya ce ai mutanen arewacin Afirka sun yi aikin soja a tsibirin nan tun kafin a san Turanci, sun tsare ganuwar da ke can arewa. Ya ce ko a nan Manchester, wajen Castlefield, Rumawa sun kafa bariki, kuma waɗanda suka zauna a ciki yawancinsu ba su taɓa ganin birnin Rum da idonsu ba.

Maganar nan ta shige ni. Na koma gida ina jin kamar an ba ni gadon wani kakana da ban san da shi ba.

Kayan ne dai suka so su kunyata ni. Riga ce iya gwiwa, babu wando. A kanta sulke mai nauyin buhun masara, sai kwalkwali, sai takalmin fata buɗaɗɗe mai ƙusoshi a ƙasa, sai garkuwa kamar an ɓalle ƙyauren ɗaki. Fitarmu ta farko a cikin hunturu ce. Ƙwaurina ya yi fari fat don sanyi, har wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambayi malamarsu ko Rumawa ba su da man shafawa. Amma da muka jeru, aka ba da umarni da Latin, ƙusoshin takalmanmu suka bugi ƙasa lokaci guda, yara suka yi tsit, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Tun da aka sallame ni daga aiki ban ji ina da amfani kamar ranar ba.

Mutum biyu ya kamata ku sani a ƙungiyar, ban da tsohon malamin. Na farko wani saje ne na gaske, Bature, wanda ya yi shekaru a aikin soja, ya je yaƙi ya dawo, rage yawan sojoji da aka yi a lokacin ya rutsa da shi. Ba shi da yawan magana. A sahun baya yake tsayawa, amma kowa ya san da ƙafarsa muke gyara tamu. Na biyu kuma mijin wata kansila ne, mai kamfanin gyaran gidaje. Mutum ne mai fara'a da kyauta. Sulkensa ya fi na kowa sheƙi, don da kuɗinsa ya sa aka ƙero masa. Matsalarsa ɗaya: idan aka ce hagu, sai ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa. Matarsa kuwa tana cikin kwamitin da ke ba ƙananan ƙungiyoyi irin tamu tallafi, kuma motar da ke ɗaukar mu da garkuwoyinmu tasa ce.

Da matata ta haihu, surukaina suka zo daga gida. Mama ta zo jego, Baba ya biyo ta. Surukina tsohon soja ne. Daga kurtu ya fara, ya yi kofur, ya yi saje, ya yi samanja, daga baya aka ba shi hafsa, ya yi ritaya yana kyaftin. Ko zama ya yi, bayansa ba ya taɓa kujera. Ni kuwa tun ranar da na je gaisuwar neman aure ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Na roƙi matata kada ta faɗa musu irin aikin da nake yi. Na tura kayan can ƙarƙashin bene, na ce musu ina ɗan taimaka wa makarantu da darasin tarihi.

Asirina bai daɗe ba. Mama tana neman babban bokiti na ruwan wankan mai jego, ta buɗe ƙarƙashin bene, kwalkwali ya gangaro ya faɗo mata a ƙafa. Da na dawo daga sito na tarar da kayan gaba ɗaya a shimfiɗe a falo, Baba na zaune a gabansu, matata ta ɓoye fuska a bayan jariri tana dariya.

Mama ce ta fara. Ta ce, "Ɗana, wannan ba kayan mutanen nan ba ne da yara suke sawa a coci lokacin Ista? Masu bulala? Duk ayyukan da ke ƙasar Turawa, cikin waɗannan ka ga ya dace ka shiga?"

Na fara kame-kame. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Je ka sa mu gani."

Na sa, na fito ina jan rigar ƙasa. Ya tashi ya zagaye ni. Ya ja ɗamarar, ya ƙwanƙwasa sulken, ya ɗaga garkuwar ya auna nauyinta. Sannan ya ce, "Kurtu, cikin nan mayar da shi. Wane ne kwamandanku? Mutum nawa yake riƙe da su? Kuma wa ya ba shi muƙamin?"

Daga ranar sunana ya koma Kurtu, kuma daga ranar muka samu abin hira. Ni da ko gaisuwa ba na iya tsawaitawa da shi, sai ga mu muna raba kwanon gyaɗa muna gardama. Tambayoyinsa suka fi ƙarfin ɗan abin da na sani, na koma laburaren unguwarmu, wanda shi ma a lokacin ba kullum yake buɗewa ba, ina kwaso littattafai. In karanta, in dawo in ba shi labari. Na gaya masa cewa wanda ake kira centurion, wato shugaban sojoji ɗari, yawanci daga ƙasa yake tasowa, sai ya yi shekaru yana tafiya a ƙafa yana cin ƙura kafin a miƙa masa sandar kurangar inabi, alamar muƙaminsa. Baba ya ce, "Wannan samanja ne, ko da wane suna suka kira shi." Na ce amma akwai waɗanda ake ba wa sandar kai tsaye, don wani babba ya yi musu magana. Ya ce, "Wannan ma na san shi. Har na taɓa koya masa ɗaure takalmi."

Da safe kafin in tafi sito sai ya fitar da ni lungun bayan gida, inda ake ajiye kwandunan shara, ya sa ni fareti da sandar mofa ta goge ɗaki. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa tana leƙowa ta taga da kofin shayinta, wani lokaci har ta tafa mana.

To, sai ga babbar dama ta zo. Aka gayyaci ƙungiyarmu wani taron makarantu a Birmingham, a wani fili da ke kusa da Ladywood. Shugabannin makarantu da yawa za su zo su ga ƙungiyoyi irin namu, su zaɓi waɗanda za su riƙa kira a shekara mai zuwa. A lokacin makarantu ma sun fara janye hannu, gayyata ta ragu sosai, har an fara maganar ko za mu watse. Kowa ya san in muka burge a Birmingham mun tsira, in muka ji kunya shi ke nan. Muna cikin murna sai asibiti ya kira tsohon malamin, layin aikin gwiwarsa da ya daɗe yana jira ya zo. Ba zai iya zuwa ba. Shi ne mai sandar centurion ɗinmu, dole a samu wanda zai riƙe ta.

A taron da muka yi, mijin kansila ya miƙe da fara'arsa ya ce kada kowa ya damu, shi zai ɗauki nauyin. Kowa na kallon ƙasa, kowa na tuna motar da tallafin. Sai da muka fito wurin ajiye motoci Saje ya ce da ni da abokina, a hankali, "Na taɓa tsayawa a bayan mutumin da bai san hanya ba don an ce dole. Wancan karon ana biyana. Wannan karon ba zan yi ba." Ya shiga motarsa ya tafi.

Ga shi babban abin da muke taƙama da shi shi ne kunkuru. Wato mu matse jiki, na gaba su tare da garkuwa, na baya su ɗora tasu a ka, mu zama kamar ƙoƙon kunkuru muna tafiya, yara suna jifan mu da ƙwallayen soso. In mutum ɗaya ya saɓa ƙafa, duka ake zubewa. Babu Saje, babu kunkuru. Babu mijin kansila kuma, ko Birmingham ɗin ba za mu kai ba.

Washegari mijin kansila ya kira ni a waya. Ya yaba tsayina, ya yaba yadda ƙafata ta gyaru kwanan nan, ya ce yana neman mataimaki kuma ni ya gani. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Har na tsaya gaban madubi na gwada yadda mataimakin kwamanda yake ɗaga haɓa. Na sauko da saurina na ba Baba labari, ina jira ya ce madalla.

Ya nuna mini kujera. Sannan ya ce, "Zauna, Kurtu."

Ranar ce ya ba ni labarin da ko matata ta ce ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce akwai wani yaro da aka kawo masa yana ƙaramin hafsa, shi ya koya masa karatun taswira, shi ya rufa masa asiri ranar da ya ɓatar da mutanensa a daji wajen atisaye. Aka yi wani sauyin gwamnati irin na wancan zamani, sai ya zamana yayan matar yaron yana cikin waɗanda suka hau. Kafin a ce haka yaron ya wuce shi, ya sake wuce shi. Shi Baba kuwa duk lokacin da sunansa ya je gaban masu ƙarin girma sai a ce a dakata tukuna. Abokansa suka ce ya je ya yi kamun ƙafa, ya ce aikinsa zai yi masa magana. Ya ce, "Aikin ya yi magana, amma ba a ɗakin da ake jin sa ba. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, wannan ba a bariki aka fara ba. Ranar da na je karɓar takardar ritaya, yaron nan ne a kan kujera. Na ƙame na sara masa. Ya kasa kallona."

Na ce to zan kira mutumin in ce ba na so.

Ya ce, "In ka ƙi, ka wanke kanka, amma motar fa? Tsaya. A littattafan nan naka, wane ne a saman mai sandar?"

Na ce ai akwai babban kwamandan runduna gaba ɗaya. Shi ɗan majalisar dattawa ne, sarkin Rum ne yake naɗa shi, sau da yawa don gidansu ko don kusancinsa da fada. Wani ya iya yaƙi, wani kuwa kafin a turo shi bai fi 'yan shekaru a bariki ba.

"Me yake sawa?"

Na ce jar alkyabba, da sulke mai ado, da ɗamara ta musamman.

"Shi yake cewa hagu, dama?"

Na ce a'a, wannan aikin masu sanda ne. Shi jawabi yake yi, a yi fareti a gabansa.

Baba ya buga cinyarsa. Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ranar. Ya ce, "To rigimar me kuke yi? Mutanen nan sun riga sun gama muku aikin tun tuni. Idan ba za ka iya hana mutum girma ba, ƙara masa, har ya wuce inda zai yi ɓarna. Ku ba shi janar."

Na tashi tsaye ban san na tashi ba. Mama ta leƙo daga kicin ta ce mu rage murya, jariri na barci.

Na kira abokina, ya yi ta dariya har ya ƙware. Muka je asibiti muka gaya wa tsohon malamin, ya ce tarihi ya goyi bayanmu ɗari bisa ɗari, ya kuma ce matarsa tana da wani jan labule da ba ta amfani da shi. Sannan na je wurin mijin kansila da littafi a hannu, na buɗe masa hoton. Na ce mun duba mun ga mutum irinsa, mai hulɗa da manya, a tsarin Rumawa ba zai tsaya a mai sanda ba. Ya kalli hoton, ya kalle ni. Ba wawa ba ne, na ga alamar ya fahimci inda aka dosa. Ya ce, "Shi wannan ɗin yana magana da jama'a?" Na ce shi ne ma yake fara magana. Ya ce, "Kuma ba ya shiga cikin kunkurun nan?" Na ce ko kusa. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ka san bayana yana ciwo duk lokacin da muka yi shi." Muka yi musabaha.

Saje kuwa da na gaya masa, cewa ya yi, "Wato ni in yi aikin, shi a sara masa." Na ce haka ne. Ya ɗan murmusa ya ce, "To ai wannan na iya shi."

Ranar tafiya Baba ya ce ƙafarsa ƙafata. Ya sa kaftaninsa, ya ɗora babbar rigar sanyi ta matata a kai, ya kafa hula. Muka cusa shi a kujerar gaba tsakanin Saje da mijin kansila, wato sabon Janar ɗinmu, da ke tuƙi, mu kuma muna baya da garkuwoyi a kan cinya. Ba mu fita Manchester ba sai da tsofaffin sojojin nan biyu suka gano juna. Duk tsawon babbar hanya gardama suke yi.

Saje ya ce a nan ƙasar ba a yin abin da Baba yake faɗa. Kowace shekara ana rubuta rahoto a kanka, kwamiti ya zauna ya duba, ba ruwan ɗan siyasa da igiyar kofur. Baba ya ce, "Wa yake rubuta rahoton?" Saje ya ce hafsan da ke samanka. Baba ya ce, "In ba ya son fuskarka fa?" Saje ya yarda cewa ya san mutanen kirki da layi ɗaya mai sanyi a rahoto ya tsayar da su. Ya ƙara da cewa can sama kuma, inda ake zaɓen manyan janar-janar, dole sai 'yan siyasa sun sa hannu, kuma ya lura waɗanda suke kaiwa can yawanci irin makaranta ɗaya suka yi, irin harshe ɗaya suke magana. Ya ce shi kansa ba rashin iya aiki ne ya fitar da shi ba, wasu ne suka zauna a ofis suka ce sojoji sun yi yawa.

Ni kuma daga baya na jefa musu abin da na karanto, cewa akwai lokacin da masu gadin fadar Rum suka kashe sarki, suka sa sarautar a kasuwa, wanda ya yi musu alkawari mafi tsoka suka ba shi. Saje ya juyo ya ce, "To ka gani. Mu dai a nan ɗan siyasa yana zaɓen janar, amma janar ba ya zaɓen ɗan siyasa." Na zaci Baba zai musa. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Nan ka fi ni gaskiya. Ɗan siyasa ya sa baki a ƙarin girma, ciwo ne, ana rayuwa da shi. Amma ranar da soja ya fara naɗa mai mulki, daga ranar ba a sake tambayar wa ya iya aiki, sai dai wa yake tare da mu. Na gani da idona." Janar dai yana riƙe da sitiyari yana sauraro.

Filin ya cika da yara, ga shugabannin makarantu a jere a ƙarƙashin rumfa. Jan labulen nan ya zauna wa Janar kamar don shi aka saƙa. Ya hau ɗan dandamali ya karɓi makirufo, kuma gaskiya ya iya magana, sai dai ya ɗan zarce. Saje ya fito da mu da sanda a hammata. Muryar da mutumin nan ya ɓoye a sahun baya duk ta fito ranar. Muka yi tafiya, muka juya, muka ja takubba lokaci guda, rana ta haska su, yara suka yi ihu.

Sai daɗi ya kwashe Janar. Muna dosar igiyar da ta raba mu da 'yan kallo, daidai inda Saje zai juya mu dama, sai muka ji daga lasifika an kwatsa umarnin hagu. A daidai lokacin Saje ya ce dama. Ni ne a kusurwar sahun gaba, duk inda na juya nan na bayana za su bi. Lasifika ta fi ƙara, amma na bi muryar Saje, na juya dama. Yawanci suka biyo ni. Mutum biyu suka yi hagu, suka yi karo da juna, garkuwa ta bugi garkuwa, ɗaya ya zauna daɓas a ciyawa, kwalkwalinsa ya gangara har gaban rumfar manyan baƙi. Yara suka fashe da dariya. Na hango wata shugabar makaranta ta sunkuya tana raɗa wa ta kusa da ita wani abu. Na ce a raina shi ke nan, mun zo Birmingham mun kashe kanmu.

Abin da Janar ya yi ban taɓa zato ba. Ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce, "Yara, kun ga abin da ya faru? Ni ɗan siyasa ne. Sarki ne ya ba ni wannan alkyabba don ya san matata." Manyan da ke rumfa suka tuntsire, don wasunsu sun san ko wace ce matar tasa. Ya nuna Saje ya ce, "Wancan kuwa ƙafarsa ce ta ba shi sandarsa. In kun ji mun yi magana tare, wa za ku bi?" Yara suka amsa baki ɗaya suna nuna Saje. Ya ce, "Rumawa ma da suka gane haka suka ci duniya. Da suka manta kuwa, kun ga inda kwalkwali ya tsaya." Ya juya ya ce wa Saje ya ci gaba, ya ajiye makirufo.

Sannan muka yi kunkuru. Ban taɓa jin mun matse kamar ranar ba. A ciki duhu ne, sai numfashi da warin fata da muryar Saje yana ƙirga mana taku. Ƙwallaye suna sauka a kan garkuwoyi kamar ruwan ƙanƙara, ihun yara kamar filin ƙwallo. Muka ratsa filin daga wannan gefe zuwa wancan, ko tsaga ba a samu ba. Da muka buɗe, na ga shugabannin makarantu a tsaye suna tafi. Abokina ya rungume ni, sulke ya bugi sulke. Kafin mu gama cire kaya, mutane sun yi layi a gaban Janar suna tambayar yaushe za mu zo makarantarsu, wasu har suna cewa lallai a yi musu wannan wasan na umarni biyu, sun ɗauka shiri ne.

Da jama'a suka ragu, Saje ya ce mu sake jeruwa a bayan mota kafin a watse. Muka jeru. Ya taka har gaban Baba, ya ƙame, ya miƙa masa sandar ya ce, "Ranka ya daɗe, a sallami fareti." Baba ya kalli sandar. Ya cire rigar sanyin matata ya miƙa wa Janar ya riƙe masa, kuma Janar ya riƙe. Ya gyara hularsa. Muryar da ta fito daga tsohon nan, wallahi har tattabarun da ke kan motar sai da suka tashi. Ba da Latin ya yi ba, da irin Turancin barikinsu ya yi, amma babu wanda ya saɓa ƙafa. A hanyar dawowa ya yi barci tun kafin mu fita Birmingham, kansa a kafaɗar Saje.

Ƙungiyar ta yi shekaru bayan haka. Ni daga baya na samu aiki na dindindin a wata makarantar da muka taɓa zuwa wasa. Abin da ya zauna mini shi ne, na daina yi wa maganar nan kallon baƙi da fari. Na shiga ina ganin duniya kashi biyu ce, masu cancanta da masu hanya. Na fito na san cewa babu rundunar da ta taɓa rabuwa da masu hanya, daga ta Rumawa har ta yau, kuma wani lokaci mai hanyar shi ne mai motar da za ta kai ku. Abin da ake nema shi ne ya san inda alkyabbarsa ta tsaya. Namu ya sani, ko da yake sai da kwalkwali ya faɗi. Na Baba bai sani ba, kuma wannan ya ci wa mutumin kirki rabin rayuwar aikinsa. Wasan yara muka yi a fili, amma har yau in na tuna ina jin daɗin cewa ni ma ina wurin.

Ba a jima da dawowarmu daga Birmingham ba Saje ya ƙara mini girma. Ya ba ni riƙon tutar runduna, muƙamin da ake ɗora wa mutum fatar kyarkeci a ka, ya tsaya a gaban kowa. Ya ce don na juya dama ranar da lasifika ta ce hagu. Abokina kuwa har gobe cewa yake yi ƙarya ne, don surukina kyaftin ne, kuma Saje yana zuwa gidanmu cin tuwon Mama duk Lahadi. Na sha niyyar in tambayi Saje gaskiyar magana. Ban tambaya ba, kuma fatar ta yi mini kyau.